Kada a Ɗora wa Matsattsen Fayil Laifin Ɓatan Ƙugiya

Wata magana ta samu gindin zama a bakin ɗaliban da ke tattara rubutun Hausa don nazari a kwamfuta: wai matse fayil ne yake lalata haruffa masu ƙugiya, saboda haka gara a mayar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su zama b, d, k da y tun kafin a soma aiki. Wannan magana ba ta da tushe, kuma harshen ne yake biyan diyyarta.

Tsarin gzip da na bz2 ba sa zubar da ko baiti ɗaya. Abin da aka matse, shi ne yake fitowa idan an kwance. Ɓarnar tana aukuwa ne a wajen karantawa. A tsarin UTF-8, harafin ƙ baiti biyu ne, C6 da 99. Idan mai rubuta shiri a Python bai ambaci tsarin ba, kwamfuta mai Windows takan ɗauki nata tsarin na yammacin Turai, ta karanta kowane baiti shi kaɗai, sai “ƙasa” ta koma “Æ™asa”. Fayil ɗin lafiyarsa lau. Mai karatun ne ya yi sakaci.

Maganin layi ɗaya ne:

gzip.open(suna, "rt", encoding="utf-8")

Kalmar "rt" tana neman rubutu, domin in ba a sa ta ba, gzip.open baiti tsagwaronsu yake miƙowa. Haka ake yi da bz2.open ga mai buɗe kundin Wikipedia ta Hausa, kuma ana iya bin sa layi-layi ba tare da an kwance shi duka ba.

Masu share ƙugiya sukan ce ai mai karatu zai gane daga jimla. Mutum yana iya ganewa, amma shirin da ke ƙidaya kalmomi ba zai gane ba. A wurinsa “kafa” da “ƙafa” kalma ɗaya ce, haka “baki” da “baƙi”, haka “kara” da “ƙara”. Duk ƙididdigar da aka gina a kan haka gurguwa ce, ko da an sa ta a kundin digiri.

Ɗalibi, kafin ka ƙidaya komai, buga layi goma na farko ka duba da idonka. In ka ga Æ a inda ƙ ya kamata ya tsaya, gyara shirinka, ka bar wa Hausa haruffanta.