Gargaɗi Ga Alhazai Da Fatake Game Da Mashayar Ɓoye

 Akwai wata tsaraba da ta fara shigo mana daga ƙasar Makka tare da dabino da tasbaha, kuma ya wajaba a yi maganarta tun ba ta yi saiwa ba. Waɗansu samarinmu da fatakenmu da suka je Umra suna komowa da hotuna cikin wayoyinsu, na wani irin gidan shaye-shaye da suka shiga a Jidda ko Riyad. Fitila ba ta da haske sosai, ga dogon kanta, ga kujeru masu dogayen ƙafafu, ga kwalabe jere har sama, ga wani tsaye yana girgiza gwangwani yana tsiyayawa cikin tambulan mai siririn wuya. Waɗansu gidajen ma ƙofarsu a ɓoye take, sai wanda aka yi wa kwatance. In ka yi magana sai su ce, "Malam, ai babu barasa ciki, ruwan lemo ne da na'ana'a, kuma a ƙasar Manzon Allah muka sha."

To, mu fara da ba kowa hakkinsa. Gaskiya ne abin da ake sayarwa a gidajen nan ba ya sa maye. Kuma masu yawo da jita-jita cewa an halatta giya a Makka ƙarya suke yi, su ji tsoron Allah. Babu gidan giya a Makka, babu a Madina. A Fabrairu 2025 jakadan Saudiyya a Ingila, Khalid ɗan Bandar, ya faɗa a fili cewa ko a gasar ƙwallon duniya ta 2034 da za a yi a ƙasarsu ba za a sayar da giya ba. Ruwan lemo kuwa halal ne a Jidda kamar yadda yake halal a Kumasi. Rigimarmu da zaman ce, da siffar gidan, da abin da yake koya wa zuciya.

Ku tambayi mai hoton, me ya sa aka ɓoye ƙofa? Mai tallar koko ba ta ɓuya, mai shayi a bakin tasha ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Asalin abin daga Amurka ne. Daga Janairu 1920 zuwa Disamba 1933 dokar ƙasarsu ta hana yin giya da sayar da ita, sai mashaya suka koma ƙarƙashin ƙasa da bayan kantuna, mai gadi yana leƙowa ta ƙaramar taga kafin ya buɗe. Suna kiran wurin sifik'izi, watau yi magana ƙasa-ƙasa kada ɗan sanda ya ji. Da wannan ciniki ne ɗan ta'adda Al Capone ya yi dukiya a Chicago, jini kuwa ya zuba ba kaɗan ba. Bayan an ɗage dokar da shekaru masu yawa sai jikokinsu suka mai da abin wasa. A 2007 aka buɗe wata mashaya a New York wadda ake shiga ta cikin akwatin tarho a wani shagon abinci, sunanta Please Don't Tell, watau don Allah kada ka faɗa. Irin waɗannan ne suka bazu cikin manyan biranen duniya, har yayin ya kai Jidda.

Mu mutanen zango ba sai an kai mu Amurka ba kafin mu gane wannan. A 1930 Turawan mulki suka ƙuntata shigo da jin cikin wannan ƙasa, sai mutane suka shiga dafa tasu a daji da bayan gida. Sunan da aka ba ta, akpeteshi, da bakin Ga na mutanen Ankara yana nufin ɓuya, kuma sai 1962 gwamnatin Nkrumah ta halatta ta. Kakanninmu sun ga abin da ta yi wa 'yan dako da direbobi. Yau da wani zai gina ɗaki ya yi masa siffar bukkar akpeteshi, ya zuba zoɓo cikin kwalabenta, ya ce ku zo mu yi kamar muna ɓuya, wane dattijo ne zai bar ɗansa ya shiga? Ashe don an sa wa bukkar na'urar sanyi da fitila mai launi shi ke nan ta zama ci gaba?

Malamanmu ba su bar mu cikin duhu ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kawo wannan mas'ala da kanta cikin Ihya'u. Ya nuna cewa idan mutane suka taru suka ƙawata majalisa, suka kawo kofunan mashaya, suka zuba abin sha na halal na zuma da tsami, suka sa mai zagayawa yana ba su, suna gaishe da juna da gaisuwar mashaya, to an hana su, ko da abin da ke cikin kofin halal ne, domin sun yi kama da mutanen ɓarna. Shekara 900 ke nan da wani abu, kamar yana kallon hotunan samarinmu. Kuma duk wanda ya karanta Risala a zauren malaminsa ya san an hana jiƙa dabino cikin waɗansu irin tukwane da goruna, an hana cuɗa jiƙo iri biyu, don gudun kada su yi saurin komawa giya mutum bai sani ba. Sharia tana kafa shinge nesa da rijiya. A Suratul Ma'ida aya ta 90 umurnin da aka yi shi ne a nisanci giya, nisanta kuwa ta fi ƙarfin barin sha kaɗai. Ranar da ayar ta sauka Anas ɗan Malik yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, nan take aka kifar da tuluna har ta gudana a titunan Madina. Ba wanda ya ce a ajiye kofunan a riƙa wasa da su.

Sa'an nan ku duba abin da ake zubawa. Sunayen da ke kan takardar abin sha yawancinsu sunayen giyar Turawa ne, an cire barasar an bar sunan. Waɗansu kwalaben kuma giya ce aka dafa sosai, daga baya aka janye barasar, kuma a ƙasashe da yawa doka ta yarda a rubuta babu barasa ko da saura rabin kashi 1 cikin 100. Yaro ya koyi sunan, ya koyi ɗacin, ya koyi riƙon tambulan da karo shi da na abokinsa. Me ya rage masa? Ranar da fatauci ya kai shi Dubai ko Landan ko Abijan, inda kwalba ɗaya ce siffa ɗaya amma cikin ya bambanta, kunyar da za ta tsai da shi a bakin ƙofa ta riga ta mutu a Jidda. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Masu cewa ai hukumar Saudiyya ta yarda, su san tarihin dokar da suke jingina da ita. A Nuwamba 1951 Mishari, ɗaya daga 'ya'yan Sarki Abdul'aziz, ya bugu a wata liyafa a Jidda ya harbe ƙaramin jakadan Ingila, Cyril Ousman. A 1952 sarkin ya hana giya ƙasar duka, har ga baƙi. Aka yi shekara 72 a haka. A Janairu 2024 aka buɗe kantin giya guda a unguwar jakadu ta Riyad domin ma'aikatan jakadanci waɗanda ba Musulmi ba, babu allo a ƙofarsa, mai shiga kuma sai an rufe wayarsa cikin jaka. A ƙarshen 2025 aka ƙara buɗe shi ga waɗansu baƙi masu takardar zama ta musamman, su ma waɗanda ba Musulmi ba. Wannan lissafin sarakuna ne da baƙinsu, su da Ubangijinsu. Abin da ya shafe mu shi ne dokar sarki tana tsananta yau ta sassauta gobe, mu kuwa haramcin giya ba daga Riyad muka karɓo shi ba.

Jidda ƙofar Makka ce, tsakaninsu kamar mil 50, kuma tun 2018 jirgin ƙasa yana kai mutum ba a cika sa'a guda ba. Watau mutum ya yi sallar Magariba yana kallon Ka'aba, kafin dare ya raba yana zaune kan doguwar kujera yana kwaikwayon mashayan Chicago. Malamai sun fahimta daga Suratul Hajji aya ta 25 cewa a cikin Harami ko nufin ɓarna ana kama mutum da shi. Wanda ya fito daga irin wannan wuri ya kamata sanyinsa ya bi shi har gida.

Ku tuna yadda iyayenmu suka je. Daga Salaga da Kumasi suka bi ta Kano da Barno, suka ratsa Wadai da Darfur da ƙafa da jaki, suna tsayawa suna noman auduga a Sudan don su sami guzuri, kafin su hau jirgin ruwa a Sawakin su haye Bahar Maliya. Wani shekara 5, wani 10, wani kabarinsa yana kan hanya. Yau ma abin ba arha ba ne, a 2025 kujerar Hajji a Gana sidi 62,000 ce. Akwai tsohuwar da ta yi shekara 20 tana sayar da waina tana tara wannan kuɗi ba ta kai ba. Wanda Allah Ya kai shi sau biyu sau uku, sa'an nan ya ɓata darensa yana neman ɓoyayyar ƙofa, ya ci amanar wannan tsohuwa.

In ƙishirwa ce, ga Zamzam kyauta a kowane lungu na Harami. In marmari ne, ga subiya ta mutanen Hijaz, ga gahawa, ga shayi, ana sha a sarari da rana tsaka ba mai raɗa. In kun komo gida ga fura da nono, ga lamurje, ga kunun tsamiya.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Shugabannin alhazai da masu kai mutane Umra su gargaɗi jama'arsu tun kafin a tashi. Iyaye su duba abin da 'ya'yansu ke yaɗawa cikin wayoyi, domin hoto ɗaya yana jan yara goma. Fatake kuma, duk wanda ya ga ribar wannan ciniki a can har zuciyarsa ta raya masa ya buɗe irinsa a zango, ya sayar da lemonsa da ƙofa a buɗe, da fitila mai haske, da sunan da uwarsa za ta iya faɗa. In ya ƙi, masu gidajen haya su hana shi ɗaki, sarkin zango da limamai su kira shi su yi masa faɗa. Rigakafi ya fi magani.

Allah Shi kiyashe mu da zuriyarmu, Shi karɓi Hajjin alhazanmu, Shi kai waɗanda ba su je ba. Wassalam.

Magatakardan Limam