Hirar Gindin Bedi: Mushen Mota Ba Abin Yarwa Ba Ne

'Yan'uwa manoma da makiyaya na Keita, Buza da Madawa. Hirarmu ta wanga wata bisa ƙarfe take.

Bara, lokacin jidar hatsi, ƙafar amalankena ta fita a kan hanyar gona. Dami 12 suka zube ƙasa. Na tafi Tawa, na shiga bayan wani garaji inda ake tara matattun motoci. Na ga wata ƙafa da ƙarfenta, an shafe ta da mai tana ƙyalli. Kuɗinta kaɗan ne. Ban juya ta ba, ban girgiza ta ba, na biya na ɗauko. Kwana 9 ta yi ta watse. Na yi hasarar kuɗin ƙafa, na yi hasarar kuɗin mota, kuma sauran hatsina bisa jakin maƙwabci ya iso gida. Araha ba ta ado. Don kada abin da ya same ni ya same ku, shi ya sa na kawo zancen.

Mu fara da tambaya: daga ina ƙarfen hauyarmu yake fitowa?

Tsofaffi sun sani, a da maƙeran Adar su ke haƙo tama cikin duwatsunmu, su narka ta da gawayi, su fitar da ƙarfe. A shekarun 1960 wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna cikin Adar, har ta ɗauki sinima ta maƙera suna wannan aiki. Yau an bar narkar tama. Tsohuwar mota ita ce ta zama tamar maƙeri. Motocin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa ƙetaro Sahara da su ta Arlit da Agadas, da waɗanda aka harhaɗa a Kaduna tun 1975, da Land Rover, da manyan Berliet, da yawansu sun daina tafiya. Amma ƙarfensu yana nan yana noma tare da mu.

Ga abin da ke cikin mushen mota.

Na fari, sifirin. Su ne ƙarafan nan masu faɗi da ake jerawa bisa juna a ƙarƙashin mota. Maƙera suna son su ƙwarai, don suna riƙe kaifi. Da su ake gatari, da wuƙa, da lauje, da dagi. Hauyar da aka yi da fallen jikin mota ko na tano tana da araha, amma ba ta jimre ƙasar dutse irin tamu.

Na biyu, sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafu, tare da ƙafafun. Ita ce ƙashin bayan amalanke.

Na uku, taya. Bayanta takalmi ne wanda ƙaya ba ta hudawa, makiyayi ya san shi. Robar ciki kuwa guga ce, kuma maɗauri ce. In an tsaga babbar taya biyu, ta zama wurin ba kaji da awaki ruwa, bayan an wanke ta sarai.

Na huɗu, farin ƙarfen nan marar nauyi da ke jikin inji. Maganaɗisu ba ya kama shi. Masu zubi suna narka shi su yi kayan aiki.

Ko ƙarfen cikin ƙafar babbar mota bai lalace ba. Shi ne aka rataye ga icce a makarantu da yawa, ana bugawa yara su shiga aji.

To, in za ka sayen ƙafar amalanke, yi abu 5.

1. Tafi da wanda ya sani, maƙeri ko mai walda na garinku. Kuɗin motarsa bai kai hasarar da zai tsare maka ba.

2. A ɗaga ƙafar sama, ka juya ta da hannunka. In ta yi gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, boris ɗin ciki ya mutu. Ka kama ta ka girgiza. In tana rawa, bar ta.

3. Goge mai da datti da tsumma, ka duba. Mai yana ɓoye tsaga. Ka buga ƙarfen da guduma. Lafiyayye yana amo mai tsawo. Mai tsaga amonsa gajere ne, kamar fasasshiyar ƙwarya.

4. Karanta lambar da ke jikin taya. Ga amfanin yaƙi da jahilci! Tayu 2 su zama lamba guda, kuma irin da ake samu a Keita, ko Tamaske, ko Buza. Taya baƙuwa, ranar da ta fashe, amalanke ya kwanta ke nan.

5. Auna da dabbarka. Ƙarfen babbar mota na shanu ne. In ka ɗaura ma jaki, tun ba a sa kaya ba ya gaji, bayansa ya yi miki.

Akwai kuma abubuwan da ba a kai su gida.

Batir shi ne na gaba. Ruwansa yana ƙona fata, yana makanta ido. Dalmar da ke cikinsa dafi ce, kuma yara ta fi yi ma illa. A ƙasar Senegal, a wata unguwa ta Thiaroye kusa da Dakar, mutane suna fasa tsofaffin batir suna tankaɗe ƙasar wurin don neman dalma. Tsakanin 2007 da 2008 yara 18 suka rasu. Kada a fasa batir cikin gida. Kada a narka dalmarsa inda ake dafuwa. Batir ɗin sola da ya mutu, shi ma haka ne.

Tankin mai, ko ya shekara a bushe, kada a kai masa wuta ko walda. Tururin da ya rage ciki yana fashewa. Kuma ba a zuba ruwan sha cikinsa.

'Yan'uwa makiyaya, baƙin mai na inji ba maganin ƙazuwa ba ne. Akwai dafi cikinsa, dabba kuma tana lasar jikinta. Ku kai ta ga likitan dabbobi.

Saura zancen sayarwa. Kun ga masu yawo ƙauye ƙauye da sikeli, suna sayen tsohon ƙarfe. Su tara, a loda babbar mota, a tafi da shi. Sana'a ce, ba mu ce haramun ba ce. Amma ku lura. Sikeli bai san sifirin ba, bai san gwangwani ba, kuɗi guda yake ba su. Ƙarfen da ka ba da yau a kuɗin goro, gobe maƙeri zai je birni ya sayo irinsa da tsada, kai kuma ka biya tsadar cikin kuɗin hauya. Kafin ka ɗora bisa sikeli, nuna ma maƙerin garinku. Abin da ya ce ba shi da amfani, shi za ka sayar.

Wani ƙarfen kuma ba na sayarwa ba ne sam. A 1984, shekarar babban fari, aka fara Aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Iyayenmu, mata sun fi yawa, suka ɗauki dutse bisa kai cikin rana. Aka cika ragar waya da duwatsu, aka tare gulabe don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Wanda ya yanke wannan waya ya kai sikeli, ya kwance ruwa bisa gonar ɗan'uwansa. Haka ƙarfen famfon gari, da ƙofar makaranta, da murfin rijiya. In yaro ya shigo gida da ƙarfe, uba ya tambaye shi inda ya samo. Mai saye ma ya tambaya. Mai sayen kayan sata, shi da ɓarawo tafiyarsu guda. Abin da ya fi ƙarfinku, ku kai ga maigari.

Bana na koma bayan garaji, ni da maƙerin garinmu. Ƙafa 4 ya juya, ya ƙi 3. Ta huɗun ita ce ta kwaso mini hatsi, ta kai taki gona, jiya ma ta kai wata mai naƙuda likita.

Wanda ya karanta, ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.