Daimon Kyauta, Asusu Wayam

Jama'a, yaranmu na Sabo da Agege sun kamu da Free Fire, kuma a wayar iyayensu suke bugawa. Sai a turo musu adireshi ta WhatsApp, wai daimon kyauta. Shafin kamar na Garena, harafi ɗaya ne ya bambanta. Ya nemi lambar katin banki "don tabbatarwa", yaro ya kwafa, ya ƙara da lambar da banki ya turo. Kuɗin albasa sun tafi.

Abin takaici, sai mu yi shiru, wai mu baƙi ne. Wa ya ce? Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta wannan damfara, kuma ba ta tambayi asalin wanda aka cuta ba. Mu kira banki nan take a toshe katin, sannan mu kai ƙara EFCC.