Tamowa: Hanjin Yaro Abinci Yake Nema

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara masu tamowa ya san abin da ke karya zuciyar uwa. A ba yaro abincin asibiti, ya murmure, a sallame su, kafin wata uku ta dawo da shi yana gudawa, damtsensa kamar sillen kara. Likitoci sun daɗe suna zargin hanji. A cikin kowane yaro akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke taya shi narka abinci, tamowa kuwa tana tsumburar da su. A 2013 an fitar da binciken wasu tagwaye a Malawi: aka ɗebi ƙwayoyin hanjin wanda kumburin tamowa ya kama aka sa wa ɓeraye, aka ciyar da su irin abincin gidan su yaron. Ɓerayen suka rame.

Mai saurin hukunci zai ce to, a zuba wa yaro sababbin ƙwayoyi mana. Aikin furobayotik ke nan, garin nan da ake sayarwa a kemis da tsada. An gwada. A Blantyre ta Malawi, a binciken da aka buga a 2009, yara 795 aka bi, waɗanda aka haɗa wa furobayotik a abincinsu ba su fi sauran warkewa ba. A asibitin Mulago na Kampala an gwada a kan yara 400: bai rage gudawa a lokacin jinya ba, sai bayan an koma gida ya ɗan rage kwanakinta. Amfani ne, amma bai kai a sayar da akuya dominsa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina daga Dhaka ta Bangaladash ya fito. Masu bincike Jeffrey Gordon da Tahmeed Ahmed da abokan aikinsu suka bar batun zuba ƙwayoyi, suka nemi abincin da ke raya waɗanda suke cikin hanjin tun asali: gyaɗa, waken soya, ɗanyar ayaba, da wani wake na ƙasarsu. Sakamakon 2021 ya nuna yaran da suka ci haɗin na wata uku sun fi ƙara nauyi, alhali bai kai abincin da aka saba bayarwa maiƙo da kuzari ba.

Gyaɗa da waken soya fa! Ga su a gonakinmu. Ban ce kunun gyaɗa zai warkar da tamowa mai tsanani ba; wannan yaron asibiti ne wurinsa, yau ba gobe ba. Amma ina son jami'o'inmu su gwada gero da wake da kuka kamar yadda aka gwada ayaba a Dhaka, gwamnati kuma ta biya kuɗin aikin. Kafin nan, uwar da ke da 'yan kuɗi a hannu ta sa su a ƙwai da wake da tsaftataccen ruwa, ta ba jariri nono zalla har wata shida, ta ci gaba da shayarwa har shekara biyu.