Tudu ba ya kashe matuƙi, lissafin da aka ƙi yi ne yake kashe shi

Da asubahin 2 ga Yulin 2014 wani jirgin dakon kaya ƙirar Fokker 50 ya tashi daga filin jirgin sama na Jomo Kenyatta da ke Nairobi, ɗauke da ganyen kat da ake taunawa, zai nufi Mogadishu. Bai yi nisa ba ya rikito a kan wani gini kusa da filin, mutum huɗun da ke cikinsa duka suka rasu. Bincike ya nuna cewa ɗaya daga cikin injinansa biyu yana da matsala, na'urori sun yi ta gargaɗi, amma ba a fasa tashi ba.

Filin na Nairobi yana kan tudu mai tsayin mita 1,600 da ɗoriya daga doron teku. Akwai waɗanda suka fi shi: na Adis Ababa ya haura mita 2,300, na El Alto a Bolibiya ya haura 4,000. Gwargwadon tsayin wuri, gwargwadon yadda iska take rasa kaurinta. A mita 2,500 takan rasa sama da kashi 20 cikin 100 na kaurin da take da shi a bakin teku. Jirgi kuwa da iska yake rayuwa. Inji yana shaƙarta ya ƙona mai, farfela tana turata baya, fukafukai suna dogara da ita su ɗaga nauyi. Idan ta yi ƙaranci, jirgi yakan buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma ya hau sama a hankali. Inji ɗaya ya mutu a wannan lokaci, ƙarfin da ya rage ba lalle ne ya ishi jirgi mai cike da kaya ba.

Zafi ma haka yake yi wa iska. Filin jirgin Agadas bai wuce mita 500 da kaɗan ba, amma a ranar da zafi ya kai digiri 45, jirgi yakan ji kamar daga tudun Nairobi yake tashi.

Duk wannan sananne ne. Kowane jirgi yana da jadawali daga masana'antarsa da yake faɗin nauyin da zai iya ɗauka a kowane tsayi da kowane zafi. Tudu ba ya zuwa bagatatan. Abin da yake faruwa shi ne ɗan kasuwa yana son a ƙara buhu, ganyen kat yana yaushi idan ya kwana, matuƙi kuma yana tsoron a ce ya cika ƙorafi. Ƙananan jiragen kaya galibi tsofaffi ne da suka gama yi wa fasinja hidima, kuma faɗuwarsu ba ta tayar da ƙura, domin mutum uku ko huɗu ne suke mutuwa.

Wani zai ce tsananta bincike zai ƙara tsadar dako. Gaskiya ne. Sai dai tsadar da ake gudu a yau, matuƙa da mazauna bakin filin jirgi ne suke biyanta da rayukansu. Wajibi ne hukumomin sufurin sama su sa a auna kowane kaya a kan sikeli a gaban jami'i mai zaman kansa, su kuma kare matuƙin da ya ƙi tashi daga kora. Ran direban kaya bai fi na fasinja arha ba.