Mai sayen injin iska ya fara duba tanki

Kaka ta yi, amalanke ba ta hutawa. Daga gona zuwa rumbu, daga rumbu zuwa kasuwa. Yawancin amalankenmu da tsofaffin tayoyin mota suke tafiya, kuma ƙaya ba ta raga musu. Shi ya sa da wuya ka shiga kasuwa a ƙasar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba ka ji ƙarar injin iska a gindin wata bishiya ba. Wasu suna ce masa kwampireso. Samari da yawa sun sami sana'a da shi, wannan kuwa abin murna ne. Amma akwai wani kuskure da nake gani ana yi wajen sayensa. Mai saye yakan saurari ƙarar inji, ya duba fenti, ya yi ciniki. Tankin da ke ajiye iskar kuwa ba ya ko leƙa shi. A ganina tankin nan shi ya kamata a fara dubawa, domin shi ne ke iya kashe mutum.

Ran kasuwar da ta wuce na kai tayar amalankena wurin wani yaro mai faci. Yana aiki ina kallon injinsa. Sai na ga tabon walda har wuri biyu a cikin tankin, ta ƙasa. Na ce masa: "Samari, yaushe rabonka da zubar da ruwan tankin nan?" Ya yi dariya ya ce: "Baba, ai ni ban taɓa zuba masa ruwa ba." Muka kashe inji, muka rage iska, muka murɗe ɗan murfin da ke gindin tanki. Ruwa ya fito ja wur, da gutsattsarin tsatsa a ciki, har ya kusa cika kwanon sha. Yaron ya yi shiru.

Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa faɗa masa. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima, ko da ido ba ya ganinta. In inji ya matse iska sai ta yi zafi. In ta shiga tanki ta huce, sai laimar ta koma ruwa, kamar yadda ruwa ke taruwa a murfin tukunya. Ruwan nan yana kwanciya a gindin tanki yana cin ƙarfe daga ciki. Da damina abin ya fi yawa. Waje kuwa fenti yana ƙyalli, mai inji yana tsammani lafiya lau.

To, mu duba ƙarfin da ke ɗaure a cikin tankin nan. Ƙananan injuna da yawa suna cika tanki har bar 8, abin da masu faci ke ce wa kilo 8. Ma'anarsa, kowane ɗan wuri mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da nauyin kusan kilo 8. Wuri mai santimita 10 a tsaye, 10 a kwance, wato kamar tafin hannu, yana ɗauke da kusan kilo 800. Buhun hatsi mai kilo 100 guda 8 ke nan a kan tafin hannu ɗaya. Ƙarfe mai kauri yana jure wannan. Wanda tsatsa ta cinye ba ya jurewa. In ya fashe, ƙarfe ne ke tashi ya sami duk wanda ke kusa: mai faci, da mai taya, da yarinya mai talla da ta tsaya shan inuwa.

Saboda haka nake cewa tankin da ya fara yoyo ya gama aikinsa. Kada a kai shi walda. Hujin da aka gani alama ce cewa ƙarfen da ke kewaye da shi ma ya yi siriri. Mai walda zai toshe wuri ɗaya, ya bar sauran, kuma zafin wuta yakan ƙara raunana ƙarfe. Haka nan tankin da aka harhaɗa da tsohuwar ganga ko tukunyar dafa ruwa: ba don wannan nauyi aka ƙera su ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce sabo yana da tsada, talaka kuma da abin hannunsa yake saye. Gaskiya ne. Wani kuma zai ce nasa ya shekara goma bai yi kome ba. Shi ma ba ƙarya ya yi ba, sai dai tsatsa ba ta sallama kafin ta gama aiki. Amsata ita ce: in kuɗi ba su kai ba, a sayi ƙarami mai lafiya. Tanki mai lita 50 ya isa tayar amalanke da ta babur da ta ƙaramar mota, domin tayar ƙaramar mota bar 2 ko 2 da rabi take sha. Babban tanki na mai aikin manyan motoci ne, waɗanda tayarsu ke shan bar 7 zuwa 9. Ƙauyen da amalankensa ba su fi a ƙirga da yatsu ba kuwa, famfon ƙafa mai kyau ya ishe su. Ba ya shan mai, ba ya fashewa.

In dole sai tsoho za a saya, to, a tafi kasuwa da wanda ya iya karatu. A jikin tanki na kirki akwai ɗan allo na ƙarfe. An rubuta shekarar da aka ƙera shi, da yawan litarsa, da iyakar ƙarfin iskar da zai iya ɗauka. In babu allon nan, ko an shafe shi da fenti, a bar shi. A sa mai sayarwa ya buɗe murfin gindi a gaban ido. In ya ƙi murɗuwa, an daɗe ba a taɓa shi ba. In tsatsa ta zubo ɓaro-ɓaro, ciniki ya ƙare.

A saman tanki kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai zobe, makanikai suna ce masa supap. Aikinsa shi ne ya buɗe da kansa ya saki iska in ta yi yawa. Na sha ganin an ɗaure shi da waya, ko an cire shi an toshe gurbin da kusa, wai yana ɓarnar iska. Wanda ya yi haka ya rufe ƙofa ɗaya tak da haɗari ke fita ta cikinta. In ya lalace a sayi sabo daidai da lambar tanki. Lokaci lokaci a ja zoben a ji iska ta fito, a sake shi ya koma.

Agogon da ke nuna ƙarfin iska shi ma yana ruɗa mutane. Yawanci layin lamba biyu gare shi. Ɗaya na bar ne, ɗaya na psi. Bar 1 ya yi psi 14 da rabi. Ke nan bar 2 kusan psi 29 ne, bar 8 kuma psi 116. A san layin da ake karantawa. Agogon da allurarsa ba ta komawa sifiri in tanki ba iska, ƙarya yake yi, a canza shi.

Sauran kula ba ta da wuya. Kowace yamma in an tashi aiki a kashe inji, a rage iska ta yi ƙasa sosai, a murɗe murfin gindi a hankali ruwa ya fita. A duba mai kowace safiya, kuma kada a zuba masa baƙin man da aka juye daga mota. Lokacin hunturu ƙura takan toshe matacin iska, sai a riƙa kakkaɓe shi. Igiyar robar da ke juya inji a bar ta cikin ragarta ta ƙarfe, domin babbar riga da rawani da mayafi ba su da wuyar kamuwa. Mai injin fetur kada ya tashe shi cikin rufaffen ɗaki: hayaƙinsa yana da guba marar wari mai sumar da mutum har ya mutu. Mai na lantarki kuwa gara ya ƙara tsawon tiyo da ya ja doguwar waya siririya, don ita ce ke ƙona inji.

Akwai wata al'ada da nake roƙon iyaye da masu gidan sana'a su hana. Yara masu koyon aiki sukan kakkaɓe ƙurar jikinsu da tiyon iska, wani lokaci har su yi wasa da shi. Iskar nan tana tura yashi cikin ido, tana fasa dodon kunne, tana shiga ƙarƙashin fata ta wurin ɗan rauni. In aka kai tiyo bayan mutum da sunan wasa, tana iya fasa hanji ko da yana sanye da wando. In haka ta faru a kai shi asibiti nan take, ko da ba a ga jini ba. Wajen ba babbar taya iska kuma, kada a sunkuya a kanta. A tsaya gefe da dogon tiyo, a kori masu kallo.

Yaron nan mai faci ya ce mini sai bayan ya sayar da wakensa zai iya canza tanki. Na ce masa kafin nan ya daina cika shi, ya ari famfon ƙafa ya yi aikin amalanke da babur da shi. Kasuwa mai zuwa zan sake bi ta wurinsa, don ɗaya tayar ma ta fara saki.