Daga Ƙato Bayan Ƙato Zuwa BVAS: Haƙurin Mai Zaɓe a Zango

A zaɓen ƙananan hukumomi na 1990, layi shi ne ƙuri'a: ƙato bayan ƙato, a ƙirga mutane a bainar jama'a. Tsarin ya rage aringizo, amma ya tona asirin talaka a gaban mai gari. Yau a Zangon Daura layin na jiran tantancewar na'urar BVAS ne, mata da tsofaffi suna shan rana tun hantsi. Sai dai zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023 ya nuna inda amana take raunana: tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako, domin an jinkirta ɗora sakamakon shugaban ƙasa a IReV. Wajibi ne INEC ta tsare wannan gaɓa. Haƙurin mai zaɓe bashi ne a wuyanta.